Wane irin wuri ne "mamak" da ɗana yake raba dare a cikinsa a Malesiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke kusa da Kwala Lamfur. Sau da yawa idan na taso daga kasuwa na kira shi, wajen ƙarfe shida na yamma, nakan ji hayaniya a bayansa, sai ya ce mini wai yana "mamak" shi da abokansa, alhali a lissafina ƙarfe ɗaya na dare ne a can. Wane irin wuri ne wannan, su wa ke zama a cikinsa, kuma abincinsa halal ne? Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Daga wani mahaifi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, lissafinka daidai ne, domin agogon Malesiya yana gaba da namu da awa bakwai, kuma duk uban da ya ji ɗansa a waje da ƙarfe ɗaya na dare a ƙasar da bai taɓa takawa ba, dole ya tambaya. Mamak gidan abinci ne na Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, ba a sayar da giya a cikinsa, ba a dafa naman alade, kuma da yawa daga cikinsu ba sa rufewa dare da rana. Idan kana son kwatancensa da abin da muka sani, ka ɗauki teburin mai shayi na bakin tasha, ka faɗaɗa shi ya ɗauki mutum ɗari ko fiye, ka yi masa rufi da fankoki da manyan talabijin, sannan ka baza kujerun roba har bakin kwalta. Akwai abin da ya kamata ka damu da shi game da zaman ɗanka a wurin, sai dai ba shi ne wanda kake tsoro ba, kuma zan zo kansa.

Sunan ya fito ne daga kalmar da ake kiran kawu, wato ɗan'uwan uwa, da ita a harshen Tamil na kudancin Indiya, kuma da ita ake kiran dattijan Musulmin Tamil masu shaguna, har ta bi shagunan nasu. Fataken kudancin Indiya sun daɗe suna zirga-zirga a mashigin ruwan Malaka tun kafin zuwan Turawa, amma yawansu ya ƙaru sosai bayan kamfanin cinikin Ingila ya kafa sansani a tsibirin Penang a 1786. A birnin George Town na wannan tsibiri har yau akwai masallacin Kapitan Keling, wanda Musulmin Indiya suka gina a farkon ƙarni na 19. A can ne aka fara sayar da abincin da ya fi suna a wurinsu, nasi kandar. Nasi shinkafa ce, kandar kuwa sanda ce da ake ratayawa a kafaɗa, tukunyar shinkafa a gefe guda, ta miya a ɗaya gefen, daidai yadda ɗan garuwa yake ɗaukar ruwa a garuruwanmu, ana bin ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ita. Sandar ta ɓace tuntuni, sunan ya zauna. Abu ɗaya da ya kamata ɗanka ya kiyaye shi ne, kiran shago mamak ba laifi ba ne a wurin kowa, amma akwai Musulmin Indiya da ba sa jin daɗin a kira su da sunan a matsayin ƙabila, domin an sha amfani da shi wajen gori.

Tambayarka ta biyu, wato su wa ke zama a wurin, ita ce ta fi buƙatar bayani, kuma ba a fahimtar amsarta sai an san yadda al'ummar ƙasar take. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Malesiya sun kai miliyan 32.4, kuma kashi 63.5 cikin ɗari Musulmi ne, saura kuwa mabiya Buda ne da Kirista da Hindu da wasu. A cikin 'yan ƙasa, Malayawa da sauran ƙabilun asali sun kusa kashi 70, 'yan asalin Sin sun ɗan haura kashi 23, 'yan asalin Indiya kuma sun kusa kashi 7. Tsarin mulkin ƙasar ya ayyana Musulunci a matsayin addinin tarayya, har ma sashe na 160 ya sanya shi cikin sharuɗɗan zama Bamalaye, tare da magana da harshen Malay da bin al'adunsu. Waɗannan al'ummomi uku suna haɗuwa a ofis da kasuwa da jirgin ƙasa, amma inda suke rabuwa shi ne bakin tukunya. Shagon kofi na 'yan Sin, wanda ake kira kopitiam, sau da yawa akwai naman alade a cikinsa, kuma Bamalaye ba zai ci a wurin ba ko da kifi aka dafa masa. Dalilin hakan fiƙihu ne. Musulmin ƙasar mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, wadda take ɗaukar alade da kare a matsayin najasa mai tsanani, ta yadda kwanon da suka taɓa sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, abin da suke kira sertu. Saboda haka tambayarsu ba ta tsaya kan abin da ke cikin faranti ba, har farantin kansa da ludayin da aka zuba abincin da shi suna bincike a kai. Mabiyin Hindu shi kuma ba ya cin naman shanu, wasunsu ma ba sa cin nama kwata-kwata.

A mamak ne kowa yake samun mafita. Bamalaye ya san mai shagon Musulmi ne, ɗan Indiya ya tarar da girkin gidansu na kori da miyar ƙananan wake da ake kira dal, ga kaza da naman akuya da kifi ga wanda ya guji na shanu, ɗan Sin kuwa ba abin da ya hana shi. Don haka idan abokan aiki uku daga ƙabilu uku za su zauna su sha shayi, babu dogon tunani kan inda za a je. Hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya al'adar karin kumallon Malesiya cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024, kuma hujjar da aka kafa ita ce yadda ƙabilu suke tarayya a kansa. Biyu daga abubuwan da aka fi ambata, roti canai, wato gasasshen ƙullun fulawa mai falle-falle, da teh tarik, wato shayi da madara, su ne jigon cinikin mamak. Sai dai ba na son in zuzuta abin fiye da yadda yake, kamar yadda tallan yawon buɗe ido yake yi. Wanda ya zauna ya lura zai ga yawancin teburan na ƙabila ɗaya ne, kowa da nasa, kuma ƙasar da ta ga rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969 har yau tana taka-tsantsan da wasu maganganu a bainar jama'a. Abin da mamak yake bayarwa shi ne rufi ɗaya da tukunya ɗaya, wanda a ganina ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan ƙasa.

Bari in kwatanta maka abin da ɗanka yake gani. Mutum yana zama, ma'aikaci zai tsaya a kansa, sau da yawa ba takarda ba alƙalami, ya haddace odar mutum shida ya tafi. Ana kiransa da "anneh", wato yaya a harshen Tamil, kuma yawancinsu baƙin ma'aikata ne daga Indiya masu tsayuwar awowi da yawa. A bakin ƙofa akwai mai roti, wanda zai ɗauki curin ƙullun fulawa da ya sha mai, ya riƙa wurga shi a iska yana maka shi a kan tebur har ya yi siriri kamar mayafi, ya ninke, ya gasa a kan faffaɗan ƙarfe, sannan ya tafa shi tsakanin tafukansa biyu domin ya yi falle-falle. Da hannun dama ake yagarsa a tsoma a miya. Kusa da shi ga mai shayi da manyan kofunan ƙarfe biyu, yana sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan, hannu ɗaya sama da kansa, ɗaya a ƙugu, har ya huce ya yi kumfa. Wannan shi ne teh tarik, ma'anarsa shayin da aka ja, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi a Kano ko Maraɗi ya san wannan motsin hannu. Akwai ma abin da yakan ba ɗalibanmu dariya a makon farko: idan aka ce Maggi a can, taliyar leda ake nufi, ba dunƙulen miya ba, kuma soyayyarta da ƙwai, maggi goreng, ita ce takwarar Indomie da ƙwai ta wurin mai shayinmu. Wanda ya zaɓi shinkafa kuma yana iya cewa a yi masa banjir, wato ambaliya, sai a kwarara masa miya iri uku ko huɗu a faranti ɗaya. Ba a biya sai an gama, kuma kofin shayi na ringgit (kuɗin ƙasar) biyu ko uku ya isa mutum ya riƙe kujera awa uku ba wanda zai ɗaga masa gira.

Batun dare kuwa yana da dalilai da suka taru. Tun 1 ga Janairun 1982 aka tura agogon yammacin Malesiya gaba da rabin awa domin ya daidaita da na jihohin Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo, ga shi dama birnin Kwala Lamfur yana can yamma da inda agogon ya dace da shi, shi ya sa a can rana ba ta fitowa sai wajen bakwai, magariba tana kaiwa bakwai zuwa bakwai da rabi, isha'i kuma sai bayan takwas. Ga zafi da gumi duk shekara, waɗanda ba sa sassautawa sai dare ya yi. Babban dalili a wurin samari kuwa ƙwallo ne. Wasan Firimiyar Ingila da ake kallo a gidan kallo a Funtuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a can sha ɗaya na dare ne, na gasar zakarun Turai da ake take wa da takwas ko tara na dare a nan kuwa, a can sai uku ko huɗu na asuba. Mamak shi ne gidan kallonsu, bambancin kawai ba a karɓar kuɗin ƙofa. Idan ranar Asabar kake jin hayaniyar nan, ina kyautata zaton ihun cin ƙwallo ne. Wannan zaman hira maras alƙibla suna da suna gare shi, lepak, kusan abin da muke kira zaman majalisa, kuma iyayen can ma sun daɗe suna ƙorafi a kansa kamar yadda kake yi.

Game da halal, masu mamak Musulmi ne, kuma suna da ƙungiyarsu ta masu gidajen abinci na Musulmi da ake kira PRESMA. Hukumar raya harkokin Musulunci ta tarayya, JAKIM, tare da hukumomin addini na jihohi, su ne ke bayar da takardar shaidar halal, kuma ana ganin tambarinta a bangon manyan shaguna. Neman takardar na ganin dama ne. A 2024 an kawo shawarar tilasta ta a kan gidajen abincin da ba sa sayar da alade da giya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga ƙarshe gwamnati ta bar ta yadda take. Saboda haka rashin tambarin a ƙaramin shagon Musulmi ba ya nufin abincinsa haram ne. Inda ɗanka zai buɗe ido shi ne wuraren da ba na Musulmi ba da ke rubuta cewa babu alade kawai, domin wannan rubutu bai ce komai ba game da yanka ko giyar da ake zubawa a girki.

Abin da ni zan damu da shi, da ɗana ne, sukari ne da barci. Da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ake haɗa teh tarik, kuma ba a zuba ta da rowa, ga roti mai maiƙo da soyayyar taliya da ƙarfe ɗaya na dare, sannan a tafi a kwanta. Binciken lafiya na ƙasa da ma'aikatar lafiyarsu ta gudanar a 2023 ya gano kashi 15.6 cikin ɗari na manya suna da ciwon sukari, kashi 54.4 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Harajin da aka sanya wa abin sha mai zaƙi tun Yulin 2019 ya shafi na kwalba da gwangwani ne, bai taɓa kofin da aka haɗa a shago ba. An haramta shan taba a duk wuraren cin abinci tun farkon 2019, har da na fili, ko da yake a teburan bakin titi ba kullum ake kiyayewa ba, kuma a irin wannan zama ne yaro yake koyon ta. A 2024 wata ƙungiyar kare masu saye ta Penang ta nemi a daina ba gidajen abinci izinin buɗewa dare da rana saboda lafiyar jama'a, masu shaguna suka ƙi, suna cewa direbobi da ma'aikatan asibiti da masu aikin dare a masana'antu ba su da wani wurin ci.

Idan ka sake kiransa ka ji hayaniyar, Alhaji, ka tambaye shi su wa ke teburin, ƙarfe nawa zai shiga ɗakin karatu gobe, kuma yana samun sallar asuba, wadda a can take shiga wajen ƙarfe shida. Sannan ka tambaye shi ko ya iya cewa "kurang manis", wato a rage zaƙi, ko kuma "teh o kosong", shayi ba madara ba sukari. Idan kuma shi ya riga ka da tambayar ko ka ci abinci tun kafin ya tambayi mutanen gida, kada ka ɗauka yunwa ce take damunsa, "dah makan?" gaisuwar yau da kullum ce a can, kamar yadda muke cewa ina gajiya.