Ɗana Yana Koyon Judo, Baffansa Ya Ce Haramun Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai riƙon marayu uku. Babbansu shekararsa 12, yaro ne mai sanyi, kullum sai yaran unguwa sun tare shi a hanyar Islamiyya, har ya fara ƙin fita. Wata huɗu ke nan da na sa shi a makarantar judo, da kuɗin ɗinkina nake biya. Alhamdu lillahi ya canza, yana cin abinci, yana ɗaga kai ya yi magana. Sai baffansa ya zo ya ce in cire shi, wai wasan arna ne, kuma koyon duka ne. Na tambayi yaron, ya ce motsa jiki ne da kayar da juna, sai dai in za su fara da in sun gama sukan jeru su durƙusa, su dafa ƙasa su sunkuya wajen hoton wani tsoho da ke bango, sannan su yi wa kocin. Suna shiga biyar da rabi na yamma, su tashi bakwai. Kuɗin da nake biya halal ne, ko in cire shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinsu, Ya ba ki ladan riƙo.

Ki kwantar da hankalinki game da wasan kansa. Judo kokawa ce da riga: kamu ne da kayarwa da dannewa, babu naushi, babu shuri. Halascin kokawa kuwa sananne ne. Samura ɗan Jundub da Rafi'u ɗan Khadij 'yan shekara 15 ne lokacin da suka yi ta a gaban Manzon Allah (SAW) ana shirin Uhudu. Abin da baffansa yake gudu hukuncin dambe ne, inda fuska ake nema alhali an hana dukan fuska, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, ta haramta damben zamani a zamanta na goma a Makka, shekarar 1408 Hijira, wato 1987. Damben gargajiya namu ma, da ake naɗe hannu da kara ana neman "kisa", ba zan ba uwa shawarar kai ɗanta ba. Fitowar wasa daga ƙasar da ba ta Musulmi ba ita ma ba ta haramta shi, in ba haka ba da ƙwallon da ake bugawa a kowane lungu ta riga shi faɗuwa. Kuɗinki halal ne.

Amma akwai maganar da kika saka a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, ita ce ta tsayar da ni: durƙuson nan gaban hoto. Tsohon da ke bango, bisa al'adar gidajen judo, shi ne wanda ya ƙirƙiro wasan a Tokyo a 1882. Sunansa Jigoro Kano, kada sunan ya ruɗe ki, mutumin Japan ne, bai haɗa komai da Kanon Dabo ba, ya mutu tun 1938. Siffar da ɗanki ya ba ki, gwiwa a ƙasa, tafuka a ƙasa, goshi ya nufi ƙasa, 'yar'uwar sujada ce. Ba ta halatta ga hoto, ba ta halatta ga koci. Ban ce yaron ya yi shirka ba, kuma duk wanda ya gaya miki haka ya yi gaggawa: yaro ne da ya bi layi, bai nufi bauta ba. Sai dai yanzu da kika sani, nauyin gyarawa a wuyanki yake.

Na san amsar da za a ba ki in kin je, don wasu masu ilimi ma suna faɗinta: wai gaisuwar Japanawa ce kawai, ayyuka kuma da niyya suke. Wannan magana ba ta tsaya ba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) ko mutum in ya haɗu da ɗan'uwansa zai sunkuya masa, ya ce a'a. Da aka zo kan musafaha ya ce e. Mai tambayar nan gaisuwa yake nufi, bauta ba ta ko zo masa a rai ba, duk da haka aka hana shi. Mu'azu ma da ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi sujada, girmamawa ya nufa irin wadda ya ga ana yi wa manya a can, kuma ba a bar shi ba saboda kyawun niyyarsa. Niyya takan raba mai shirka da mai kuskure, amma ba ta mayar da abin da aka hana ya zama halal. Masu kawo sujadar 'yan'uwan Annabi Yusuf kuwa, shari'ar da ta gabata suka ɗauko, tamu ta shafe ta.

Za su ce ai mu Hausawa ma muna durƙusa wa iyaye, muna faɗuwa gaban sarki. Gaskiya ne muna yi, amma yinmu ba hujja ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki cikin al'adun da ya yi inkari. Al'ada tana hukunci ne inda shari'a ta yi shiru, a nan kuwa ta yi magana.

Hujjarsu mafi ƙarfi biyu ce, kuma adalci ne in faɗe ta. Wasu malaman hadisi sun soki Hanzala Sadusi, mai ruwaito hadisin Anas, ko da yake Tirmizi ya kyautata hadisin. Sannan Nafrawi, cikin sharhinsa na Risala, ya kawo cewa wasu malamai sun halatta sunkuyawar da ba ta kai haddin ruku'u ba. To, ko mun karɓi duka biyun, me suka ba mu? Ɗan russunawa a tsaye, ga mutum mai rai da zai amsa. Ina wannan ina dafa ƙasa gaban hoton mamaci? Gaisuwa ai wadda ake amsawa ce, hoto kuwa ba ya cewa lafiya lau. A wasu gidajen wasan na Japan, a wannan bangon ne ake ɗora ɗan akwatin bautar addininsu na Shinto. Kuma kin san yadda mutanen Annabi Nuhu suka faro: siffofin mutanen kirki aka kafa don tunawa, jikoki suka mayar da su alloli.

Sassaucin da Nafrawi ya kawo yana da wurinsa. In yaron ya kai ga shiga gasa, dokar judo ta tilasta gaisuwa a tsaye kafin kamu da bayansa. A nan ya ɗan duƙar da kai, bayansa a miƙe, ina fatan babu laifi. A wurin koyo kuwa babu alƙalin wasa, babu abin da ya tilasta shi.

Abin yi shi ne ki je da kanki, kuma ki roƙi baffansa ya raka ki. Kada ki ɗauki takardar nan ki nuna masa a matsayin kin ci shari'a. Mutumin da ya tako har gida don abin da ɗan ɗan'uwansa yake koya, ba a jefar da irinsa, marayu da yawa ba su samu ba. Ku gaya wa kocin cikin mutunci cewa yaron zai zauna a layi ba tare da ya sunkuya ba, zai gaishe shi da hannu ko ya dafa ƙirji. In ya yarda, yaro ya ci gaba. In ya ce ba a taka katifarsa sai an durƙusa wa hoto, ki nemi wani wurin, ko da ya fi nisa.

Ba ki tambaye ni lokaci ba, amma na lissafa. Biyar da rabi zuwa bakwai, magariba tana ciki rani da damina, kuma a mashhurin mazhabarmu lokacinta ƙuntatacce ne. Ɗan shekara 12 ya wuce shekarun da ake tsananta masa kan salla. Ki tambaye shi yau, a hankali, inda yake yin ta. Kocin da ba zai ba da minti goma ba, wannan ma ya isa dalilin tashi.

In kin je, ki buɗe ido. Ina suke canza kaya, kuma wa ke shiga? Maza da mata suna kama juna? Judo wasan ƙirji da ƙirji ne, don haka in gobe ƙanwarsa ta ce tana so, sai wurin mata da mace mai koyarwa. Kada ki yarda a ce an riƙe shi shi kaɗai bayan an tashi don "ƙarin horo", ko wane ne kocin. Ki duba kaurin katifar, ki tambaya ko ana koya wa ƙanana shaƙe wuya, don a wasan akwai shi, na manya ne. Duk ranar da ya bugu a ka ya ce yana jin jiri ko ya yi amai, asibiti za ki nufa, ba man zafi za ki shafa ba. Wasu wuraren kuma sun mayar da ɗamara, wadda launinta ke nuna matakin ɗan wasa, kasuwa, kowane 'yan watanni a ce kuɗin jarrabawa, kuɗin sabon launi. Ke da keken ɗinki kike ciyar da uku, kada kunya ta sa ki ci bashi. Laya ko ƙwaya da sunan ƙarin ƙarfi kuwa, ranar da kika ji ƙamshinsu ranar zai bar wurin.

Shi kuma yaron, ki zaunar da shi. Wanda aka daɗe ana duka, in ya ji ƙarfi a hannunsa, yakan fara neman waɗanda suka dake shi, daga nan ya sauko kan ƙannensa. Ki gaya masa kare kai halal ne, amma kayar da yaro kan kwalta ba irin kayarwa kan katifa ba ce, ƙeya ɗaya ta bugu sai a shiga maganar jini da diyya. Batun yaran da ke tare shi kuma, baffan ya kai shi wurin iyayensu ko mai unguwa a wannan makon.

Allah ne Mafi sani.