Kakanmu Ba Ya Ba Da Bashi A Kantinsa: Shin Gidan Da Muka Gada Halal Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam. Kakanmu, Allah ya ji ƙansa, ya riƙe kanti a wani ƙaramin gari da ke kan layin dogo na Kano zuwa Nguru, tun zamanin fam da sule har bayan shigowar naira. Yana sayar da atamfa da akoko da kananzir da gishiri da sukari da ashana da sabulu. A ƙofar kantin ya rataye allo da rubutun ajami cewa ba a ba da bashi. Har yau tsofaffin garin suna ba da labarinsa, wasu su yaba, wasu su ce ko ɗan'uwansa na jini bai taɓa ɗaga wa ƙafa ba. Da muka zo rabon gidan da ya gina da kuɗin kantin, sai muka tsinci wani tsohon littafinsa. A ciki muka ga ashe yakan ba wasu 'yan tsiraru kaya zuwa kaka, amma da ƙari: turmin atamfar da yake sayarwa fam 2 lakadan, sai ya rubuta fam 2 da sule 5. Wani dattijo ya ce mana wannan kuɗin ruwa ne, don haka gidan ya gurɓata. Hankalinmu ya tashi, Malam. Shin hana bashin da ya yi laifi ne? Ƙarin nan fa? Kuma me ya wajaba a kanmu mu magada?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri da kuka tsaya tambaya kafin ku sa hannu a dukiya. Bari in fara kwantar maka da hankali: a cikin abin da ka zayyana babu abin da ya haramta muku gidan. Amma kada ka mayar da littafin nan cikin akwati tukuna, akwai abin da zan sa ka duba a cikinsa.

Asalin ciniki yardar juna ne. Allah Maɗaukaki ya hana mu cin dukiyar junanmu da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya togace fataucin da aka ƙulla bisa yarda. Mai kaya shi ke da ikon kayansa; in ya ga dama ya ce kuɗi hannu, in ya ga dama ya jinkirta. Sayarwa bashi halal ce, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan tsara bashi ta sauka. Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude, ya jinginar masa da sulkensa na ƙarfe, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Wannan ya nuna halacci, bai nuna wajibci ba. Ka lura ma da jinginar: mafificin halitta ne mai sayen, amma ya bar wa mai kaya abin da zai riƙe don ransa ya natsu. To yaya za a zargi ɗan kasuwar ƙauye don ya ji tsoron jarinsa?

Kuma wanda ya san yadda kasuwancin wancan zamani yake ba zai yi saurin kiran mutumin nan marowaci ba. Garuruwan kan layin dogo da gyaɗa suka rayu. Kuɗi na shigowa gari ne in an fara awon gyaɗa bayan kaka, daga nan sai su yi ta ja da baya har a kai tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Ƙaramin mai kanti kuwa daga Kano yake saro kaya, wurin manyan attajirai ko kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC, kuma dole ya biya kafin ya sake ɗauko wasu. In ya watsa ɗan jarinsa a hannun mutane tun bazara, kafin kaka ta zo kantin ya zama kango, garin ma ya rasa inda zai sayi kananzir. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke da halin biya ba. Annabi (SAW) da kansa ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Sau da yawa allon "ba bashi" mutum yakan rataye shi ne bayan ya sha hannu, ko don gudun abin da zai ɓata zumunci, domin ba ƙaramar husuma bashi ke haddasawa tsakanin 'yan'uwa ba.

Ban ce babu falalar da ke wuce irin wannan ɗan kasuwa ba. Akwai. Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali in zai sayar, in zai saya, in zai karɓi bashinsa. Akwai kuma labarin attajirin da ke ba mutane bashi, yana ce wa yaransa in sun tarar da wanda ke cikin ƙunci su yafe masa, sai Allah ya yafe wa attajirin. Amma rasa falala daban, ɗaukar zunubi daban. Wuri ɗaya ne hani ke zama laifi: in mutum ya kai matsayin da yunwa za ta halaka shi, kai kuma kana da rarar abinci. A nan malaman Malikiyya sun wajabta a ba shi, in yana da kuɗi ya biya, in ba shi da su ba a bar shi ya mutu ba. Kakanku ya ga farin 1973, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya fitar ta ƙofar baya a wannan shekara. Mu dai kyakkyawan zato za mu yi masa.

Yanzu maganar fam 2 da sule 5, wadda ita ce ta ɗaga muku hankali.

Harshenmu ma yana taimakawa wajen rikita mutane a nan, don kalma ɗaya muke rubutawa, riba, ga abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗi da kuma abin da Allah ya haramta, alhali a Larabci kalmomi biyu ne mabambanta. Saboda haka zan riƙa kiran na haram ɗin kuɗin ruwa.

Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai, har da mazhabobi huɗu, shi ne ya halatta farashin ajalan ya ɗara na lakadan. Dalili kuwa, abin da ake sayarwa atamfa ce, ba kuɗi ba. Da kakanku ya ga dama ya sa wa turmin nan fam 2 da sule 5 kuɗi hannu, babu mai cewa ya yi haram. To me zai sa wannan farashin ya haramta don kawai ya yi wa mai saye alfarmar jira zuwa kaka? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da wannan hukunci, ta ce babu laifi a ambaci farashin hannu da farashin jinkiri, matuƙar an yanke a kan ɗaya kafin a rabu.

Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan mas'alar. Dattijon da ya yi muku magana mai yiwuwa ya ji hadisin Abu Huraira ne, cewa Annabi (SAW) ya hana ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya. Hadisin tabbatacce ne. Amma Imam Tirmizi, bayan ya kawo shi, ya naƙalto fassarar malamai: shi ne mutum ya ce na sayar maka da wannan tufa goma lakadan ko ashirin ajalan, su rabu ba su tsaya a kan ɗaya ba, in suka rabu a kan ɗaya, babu laifi. Imam Malik ma a Muwaɗɗa surar da ya hana ita ce a lizimta wa mai saye kaya a kan dinari 10 hannu ko dinari 15 zuwa ajali, ba a ayyana wanne ba. Illar a bayyane take: mutum ya tafi da kaya bai san nawa ake bin sa ba, in ya kasa kawo goma yau ta koma goma sha biyar, kamar ya sayi jinkiri da kuɗi ke nan. Amma in mai kanti ya ce hannu kaza ne, kaka kaza ne, mai saye ya ce na ɗauka zuwa kaka, aka rubuta fam 2 da sule 5, to ciniki ɗaya aka yi, da farashi ɗaya. Littafin kakanku ma hujja ce gare shi, don lamba ɗaya ya rubuta, kuma rubuta bashin bin umarnin Alƙur'ani ne.

Amana ce in gaya maka akwai malaman da suka hana ƙarin gaba ɗaya. An ruwaito haka daga Zainul Abidina Aliyu bin Husaini, a wannan zamani kuma Shaikh Albani ya tafi a kai, suna kafa hujja da ruwayar Abu Dawud mai cewa wanda ya yi ciniki biyu a ɗaya, to ya ɗauki mafi ƙarancinsu ko ya faɗa kuɗin ruwa. Ina girmama wannan ra'ayi, wanda ya bi shi don tsantseni ya kyauta. Sai dai abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne na jamhuru, wato mafi yawan malamai, kuma ba ya halatta a yanke wa mamaci hukuncin cin haram a kan abin da malaman garinsa da mazhabarsa suka halatta masa. Ajalin "zuwa kaka" ma Imam Malik ya yarda da shi, don lokacin girbi sananne ne ga mutanen gari, duk da cewa Shafi'i da Abu Hanifa sun nemi a ambaci rana.

To ga abin da za ka duba. Ka bi littafin shafi-shafi, ka ga ko akwai inda bashi ya ƙaru bayan an riga an rubuta shi. Misali an rubuta wa mutum fam 2 da sule 5, kaka ta zo bai biya ba, sai aka soke aka mai da shi fam 2 da sule 10 zuwa baɗi. Wannan shi ne kuɗin ruwan jahiliyya tsantsa, wanda Malik ya ruwaito siffarsa daga Zaidu bin Aslam: in ajali ya cika sai mai bin bashi ya ce, za ka biya ne ko za ka ƙara? Babu saɓani a haramcinsa. Da zarar kaya sun fita kanti, farashi ya zama bashi a wuyan mutum, bashi kuwa ba ya haihuwa. In mutum ya kasa, hukuncin Allah a aya ta 280 ta Baƙara shi ne a saurara masa har ya samu sauƙi.

Akwai wani abu kuma da ya yawaita a kantunan karkara, mutane ba su cika lura da shi ba. A ba mutum gishiri ko sukari yau, a ce in kaka ta yi ya kawo tiya kaza ta gero. Wannan abinci ne da abinci tare da jinkiri, kuma bai halatta ba. Gishiri ma yana cikin abubuwa shida da kuɗin ruwa ke shiga musayarsu, waɗanda hadisin Ubadatu bin Samit ya ambata a Muslim. A mazhabar Malik, ko da kuɗi aka yanke farashin gishirin, ba a karɓar hatsi a madadinsu ranar biya. Atamfa ko kananzir da gero kuwa babu wannan matsala, in an ayyana mudu da lokaci.

In ba ku ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku raba gidanku yadda Allah ya tsara, ba sai kun fitar da komai da sunan tsarkakewa ba. Dukiyar da ke hannun Musulmi halal ce har sai an tabbatar da akasin haka, kuma jita-jita ba ta tabbatar da komai. Ku kuma yi wa dattijon nan bayani cikin ladabi, ku tuna masa hadisin A'isha a Bukhari da ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

In kuwa kun ga ƙari a fili a kan sunan wani, gidan bai haramta ba, ƙarin kaɗai za ku cire ku mayar wa mai shi ko magadansa. A ƙaramin gari gano zuriyar mutum ba wuya. In kun yi iya ƙoƙarinku ba ku same su ba, ku yi sadaka da shi a madadinsu. Game da lissafi, lokacin canjin kuɗi na 1 ga Janairu 1973 fam ɗaya ya koma naira 2, sule ɗaya kwabo 10, wato sule 5 kwabo 50 ke nan. Miƙa wa mutane kwabo 50 a yau ba biyan haƙƙi ba ne. Malaman Malikiyya sun ce in kuɗin da aka yi mu'amala da su sun ɓace daga hannun mutane, ƙima ake komawa gare ta. Abin da nake gani shi ne ku zauna da tsofaffin 'yan kasuwa biyu amintattu, su ƙiyasta abin da wannan adadi ke saye a lokacin, ku biya kwatankwacinsa, in kun yi shakka ku rinjayar wa mai haƙƙi.

Kada kuma ku duba shafin waɗanda kakanku ke bi kaɗai. Ku duba ko akwai wanda ke bin sa, dillali ne ko attajirin da yake saro kaya a wurinsa, ko wata ajiya da aka ba shi, don mutanen da sukan kai wa mai kanti amintacce ajiyar kuɗinsu. Wannan ake fara biya, sannan wasiyya in ya bari, kafin kowa ya ɗauki kasonsa. Sunayen da kuka tarar ba a soke bashinsu ba kuwa, haƙƙin ya dawo hannunku ku magada. In kowa ya yarda, ku yafe musu da niyyar ladan ya kai gare shi, amma ba a yafe kason maraya ko na wanda bai amince ba.

Wallahu a'alam.