Mataimakiyar Malama a Ajin Raino

Tambaya: Na kammala sakandare, aka ɗauke ni mataimakiyar malama a ajin yara 'yan shekara 3 zuwa 5, amma aikina bai wuce share majina da raka yara bayi ba. Shin wannan koyarwa ce?

Amsa: Koyarwa ce, 'yar'uwa, domin yaron da kika kama wa hannu har ya iya riƙe fensir, ko ya saba wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a wurinki ya ɗauki darasin. Sai dai a Najeriya takardar NCE, wadda ake samu a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta, saboda haka ki nemi kwalejin ilimi mai sashen ilimin ƙananan yara, ko ki yi karatu daga gida ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ki yi rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa.