Me ya sa na hana ka jefa komar kifi mai ƙananan ido?

Ɗana, jiya a bakin madatsar Sabke ka tambaye ni: tunda gwamnati na ƙyanƙyashe kifi ta zuba a ruwa, me ya sa nake hana ka jefa koma mai ƙananan ido? Ban amsa ba saboda akwai mutane. Yanzu ka ji.

Na taɓa shiga ɗakin ƙyanƙyasa na ga aikin da idona. Uwar tarwada mai ciki ake yi wa allura da daddare, da safe a matsa cikinta ƙwai ya zubo a roba. Namijin kuwa ba ya matsuwa, sai an farke shi an ciro maniyyin. A gauraya, a baza a kan raga cikin ruwa. Kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi, sai ka ƙura ido kafin ka ga wutsiya. Bayan kwana 3 su fara cin abinci, sati 4 zuwa 6 sun kai tsawon yatsa. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa, kusa da tafkin Kainji, ta daɗe tana koyar da wannan.

Amfaninsa ba kaɗan ba ne. Mai kiwo ya sayi irinsa a can, ya bar kwasar 'ya'yan kifi daga madatsa. Ruwan da ya ja baya da bazara kuma a sake zuba masa iri.

To amma me ake ƙyanƙyashewa? Yawanci tarwada ce da karfasa. Kurungu fa? Giwan ruwa fa? Waɗannan ruwa ne ke haifar abinsa. Da damina, in ruwa ya hau ciyawar gefe, nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, nan kuma wasu ke bi da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan. Wata shekara na ga an zuba iri, sati bai zagayo ba na tarar da shi a kasuwa, busasshe, ana aunawa a gwangwani. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Saboda haka komar nan ka naɗe ta ka ajiye. Ɗauki wadda yatsunka uku ke shiga idonta, kuma kada in gan ka a cikin ciyawa sai ruwa ya fara janyewa. Gobe ka zo da gora da wuri.