Shin Isaac Newton Musulmi ne a ɓoye? Fatawa a kan aƙidarsa, lissafinsa na 2060 da alkimiyyarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin kimiyya ne. An turo mana wani bidiyo a WhatsApp ana cewa Isaac Newton, wanda muke karanta dokokinsa na motsi, Musulmi ne a ɓoye domin ya ƙi yarda da Allah uku, kuma wai ya lissafa za a tashi duniya a 2060. Wani abokina kuma ya ce matsafi ne, ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman mayar da dalma zinariya, don haka karanta iliminsa ma da matsala. Zan iya ce masa "Allah ya ji ƙansa"? Mene ne hukuncin wancan lissafi da kuma karatun namu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, mai bidiyon da abokinka kowa ya kamo wani ɓangare na gaskiya ya ɗora masa abin da babu. Malaman usulu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka mu fara da mutumin.

An haifi Newton a Ingila a 1642, ya mutu a 1727. Gaskiya ne ya yi imani da Mahalicci. A bugu na biyu na littafinsa Principia, wanda ya fito a 1713, ya ƙara wani jawabi a ƙarshe yana cewa tsarin rana da taurari ba zai samu ba sai da shiri da mulkin Mai hikima, Mai iko. Gaskiya ne kuma ya ƙi aƙidar Triniti, wato Allah uku. Ya bi tarihin coci ya kai ga cewa a ƙarni na huɗu aka shigar da ita, a zamanin taron shugabannin coci da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325, ya kuma ɗora laifin a kan limamin Iskandariya mai suna Atanasiyus. A 1690 ya aika wa abokinsa John Locke doguwar takarda a kan ayoyi biyu na Baibul da ya ce an taɓa su: wasiƙar Yohanna ta fari, sura 5 aya 7, mai maganar masu shaida uku a sama, da wasiƙar Timoti ta fari, sura 3 aya 16. Hujjarsa a kan ta farkon ita ce babu ita a tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci, kuma fassarori da yawa na zamanin nan sun cire ta. Bai bari an buga takardar ba, sai a 1754 ta fito, bayan mutuwarsa.

Ɓoyewar da ya yi tana da dalili. Dokar sassaucin addini ta 1689 a Ingila ba ta haɗa da masu musun Triniti ba, kuma William Whiston, wanda ya gaje shi a kujerar lissafi ta jami'ar Cambridge, da ya bayyana irin wannan ra'ayi sai aka kore shi a 1710. To amma abin da Newton ya ɓoye wani nau'i ne na Kiristanci. A takardunsa yana kiran Allah Uba, yana kiran Annabi Isa (AS) Ɗan Allah kuma matsakanci tsakanin Allah da mutane, ya yarda an gicciye shi ya fanshi mutane da jininsa, ya tashi daga kabari. Alƙur'ani da ya ce "kada ku ce uku" (Nisa'i, 171) shi ne kuma ya ce "ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba" (Nisa'i, 157), ya ce "bai haifa ba, ba a haife shi ba". Wanda ya dace da aya ɗaya ya saɓa wa biyu bai zama Musulmi ba. Ana shiga Musulunci ne da shahada biyu, kuma babu inda aka samu Newton ya shaida Muhammadu (SAW) Manzon Allah ne.

Hasali ma akasin haka aka samu. A littafinsa na sharhin annabce-annabcen Daniyel da Wahayin Yohanna na cikin Baibul, wanda aka buga a 1733, ya fassara tarin fara da aka ambata a busar ƙaho ta biyar da cewa rundunonin Larabawa Musulmi ne, sarkinsu kuma halifa, ya fassara ƙaho na shida da Turkawa. Mai bidiyon bai gaya muku wannan ba. Ba kuma za a ce labarin Musulunci bai isa ƙasarsa ba: an buga fassarar Alƙur'ani da Ingilishi tun 1649, kuma akwai kujerar koyar da Larabci a Cambridge tun 1632.

Saboda haka hukuncinsa na duniya shi ne na Ma'abota Littafi da suka mutu a kan addininsu. Ba a nema masa gafara, ba a ce "Allah ya ji ƙansa", saboda aya ta 113 a Suratut Tauba, da hadisin da Muslim ya ruwaito cewa an yi wa Annabi (SAW) izinin ziyartar kabarin mahaifiyarsa ba a yi masa izinin nema mata gafara ba. Ka ambace shi da adalci, ka yabi ƙwazonsa da gaskiyar da ya faɗa, wannan babu laifi, kuma Suratul Ma'ida aya ta 8 ta wajabta adalci har ga wanda ake ƙi.

Makomarsa a lahira kuwa wata mas'ala ce daban, a nan ne mutane ke yawan zamewa. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya tabbatar da cewa Bayahude ko Banasaren da ya ji labarin Annabi (SAW) ya mutu bai yi imani ba ɗan wuta ne. Wannan hukunci ne na gaba ɗaya. Ɗora shi a kan wane ɗan wane yana buƙatar sanin yadda saƙon ya isa gare shi da abin da ya cika a kai, ga kuma faɗin Allah: "Ba mu kasance masu azabtarwa ba har sai mun aiko manzo" (Isra'i, 15). Imam Gazali a littafinsa Faisalut Tafriƙa ya kasa mutanen ƙasashe masu nisa gida uku: waɗanda sunan Annabi bai isa gare su ba, waɗanda ya isa tare da siffarsa ta gaskiya da hujjojinsa, da waɗanda suka ji sunan a gurɓace tun suna yara. Ya yi wa na farko da na uku uzuri. Ba aikinka ba ne ka zaɓar wa Newton gida a cikin ukun. Amsar Annabi Musa (AS) ga Fir'auna a kan mutanen farko ta ishe ka: saninsu yana wurin Ubangijina (Ɗaha, 52).

Kafa hujja da bincikensa a muhawara ya halatta, da sharaɗi biyu: ka faɗi abin da ya ce kamar yadda ya ce, har da inda ya saɓa mana, kuma ka bi ladabin aya ta 46 a Suratul Ankabut. Cewa ya musulunta ƙarya ce, kuma duk Kiristan da ya karanta tarihi zai kama ka da ita, ya jefar da sauran maganarka.

Sai batun 2060. Ga yadda ya fitar da ita. A littafin Daniyel akwai wa'adin da aka kira zamani da zamani biyu da rabin zamani, wato shekara uku da rabi. Ya ninka da kwana 360, ya samu kwana 1260. Ya ɗauki kowane kwana a matsayin shekara. Sannan ya fara ƙirga daga shekarar 800, lokacin da Fafaroma ya naɗa wani sarkin Turai mai suna Sharlaman sarauta a Rum, wanda a ganinsa shi ne kafuwar mulkin ɓataccen coci. Haɗa 800 da 1260, ka samu 2060. Lissafin daidai ne, tubalan ne na toka. Nassin da ya dogara da shi an ce mana game da irinsa, a hadisin Buhari, kada mu gaskata Ma'abota Littafi kada mu ƙaryata su. Mayar da kwana shekara tawili ne. Shekarar farawa kuwa zaɓi ne kawai, matsar da ita shekara talatin amsar ma ta matsa talatin, kuma shi kansa ya gwada wasu shekarun.

A yi masa adalci a nan ma. Bai ce za a tashi duniya a 2060 ba. Ya rubuta cewa yana iya wuce haka, bai dai ga dalilin da zai zo kafin nan ba, kuma ya ce ya faɗi hakan ne don ya toshe bakin masu yawan sanya rana suna zubar da mutuncin littafinsu. Abin da yake jira shi ne dawowar Almasihu da mulkin zaman lafiya. Takardar da ya rubuta wannan lissafi a ciki ma bai buga ta ba. Tana cikin tarin takardunsa da aka yi gwanjonsu a Landan a 1936, inda masanin tattalin arziki Keynes ya sayi da yawa daga na alkimiyya, wani malami Bayahude mai suna Yahuda ya tattara na addini, waɗanda yanzu suke birnin Ƙudus. A 2003 ne jaridu suka yayata ta.

Hukunci: haramun ne gaskata duk wanda ya sanya wa Alƙiyama lokaci, haramun ne yaɗa shi da nufin a gaskata. Allah ya ce saninta yana wurin Ubangiji, babu mai bayyana ta a lokacinta sai Shi, kuma ba za ta zo ba sai kwatsam (A'araf, 187). Jibrilu ya tambaya, Annabi (SAW) ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Wannan bai tsaya kan Nasara kaɗai ba. Imam Suyuɗi, duk da girmansa a wurinmu, ya rubuta risala yana ƙiyasta cewa wa'adin wannan al'umma zai wuce shekara dubu amma ba zai kai dubu da ɗari biyar ba, malamai kuma ba su karɓa masa ba domin ruwayoyin da ya gina a kai ba su inganta ba.

Game da alkimiyya, wato neman mayar da ƙarafa irin su dalma zinariya, abokinka ya yi gaskiya cewa Newton ya shafe shekaru wajen talatin yana hura murhu, yana narka dalma da zaiba da dutsen tozali, ya bar rubutu mai kimanin kalma miliyan ɗaya, cike da sunaye na lugga irin su "koren zaki". Har ya fassara gajeren nassin nan da ake kira Allon Zumurrudu, wanda mafi tsufan kwafinsa da aka sani na Larabci ne. Ana jingina shi ga wani mai hikima na can da da ake kira Hirmis, wasu marubuta kuma suna cewa Hirmis shi ne Annabi Idrisu (AS), maganar da ba ta da madogara a Alƙur'ani ko hadisi. Amma kiran sa matsafi tuhuma ce da ke neman shaida, abin da ke cikin takardun kuwa awo ne da wuta da sakamakon gwaji.

A fiƙihu ana duba aikin ne. Haɗa sinadarai a ga abin da za su bayar halal ne, daga nan kimiyyar sinadarai ta fito. Ƙera abu mai kama da zinariya a sayar a matsayin zinariya algus ne, hadisin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" ya hau kansa, kuma a kan wannan Ibn Taimiyya ya tsananta. In aka haɗa da kiran aljanu ko neman taimakon taurari, ya zama sihiri. Ibn Sina da Ibn Khaldun sun musanta yiwuwar juya ƙarfe tun da daɗewa, an kuma ruwaito daga Alƙali Abu Yusuf cewa wanda ya nemi dukiya ta alkimiyya zai tsiyace. Yau an san dalili: ƙwayar zarra ta zinariya tana da furoton 79 a cibiyarta, zaiba 80, dalma 82, kuma wutar maƙera ba ta taɓa cibiyar. Abin da ake samu tabbas shi ne guba. Tururin zaiba yana kawo rawar hannu da rashin barci da rikicewar tunani, kuma da aka auna gashin da ake jingina wa Newton a 1979 an samu zaiba mai yawa a ciki. Duk wanda ya zo maka da "jar zaiba" ko maganin ninka kuɗi ɗan damfara ne, ba shi kuɗi ɓarnar dukiya ce. Shi Newton ba a san shi da sayar da jabu ba. Daga 1696 ma shi aka ɗora a kan gidan buga kuɗin Ingila, yana farautar masu jabun kuɗi.

Karatunku halal ne, kuma abin da al'umma ke buƙata daga cikinsa na gini da injuna da likitanci farilla ce ta kifaya. Dokar da ta ce in nisa ya ninka biyu ƙarfin janyowa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu ana gwada ta ne da awo, ba ta rataya da aƙidar wanda ya gano ta ba. Annabi (SAW) ya ɗauki ɗan jagora mushiriki a tafiyar Hijira saboda ƙwarewarsa da hanya. Gazali a littafinsa Munƙiz ya yi gargaɗi a kan mutum biyu: wanda ƙwarewar masana lissafi ta ruɗe shi har ya bi su a addini, da jahilin masoyin Musulunci da ke ƙaryata lissafinsu yana zaton taimakon addini yake yi. Mai bidiyon ya kusanci na farko, abokinka ya kusanci na biyu.

Idan ka riga ka tura bidiyon ga wasu, ka koma inda ka tura shi ka rubuta gyara a fili, ka bayyana cewa maganar musuluntarsa ba ta tabbata ba, sanya wa Alƙiyama shekara kuma bai halatta ba.

Wallahu a'alam.