Wai feshin rigakafin fulu (mura mai tsanani) yana ƙara ƙwayoyin cuta a hancin yara?

Tambaya: Salam likita, barka da aiki. Muna zaune a Ingila, an turo mana saƙo wai mu kai yarona ɗan shekara 3 a fesa masa rigakafin fulu a hanci, sai wata a gurup ɗinmu na WhatsApp tace ita taji feshin nan yana ƙara bakteriya a hancin yaro har ya ja masa nimoniya, wato ciwon huhu. In kaishi ko in bari?

Amsa: Wa alaikumussalam maman yaro. Maganar 'yar gurup ɗinku rabinta gaskiya ne, rabin kuma an sa mata gishiri.

Dama can hancin ƙaramin yaro ba fanko yake ba. Akwai wata ƙwayar bakteriya da muke kira numokokus, zaune take can bayan hancin yara da yawa kuma suna wasansu lafiya lau, ko zazzaɓi babu. Sai ta samu ƙofa ta gangara huhu ko ta shiga kunne ko jini sannan take zama ciwo. Toh babban mai buɗe mata ƙofar nan shine fulu na gaske, yana kwaile fatar hanyar numfashi, majina ta yawaita ƙwayar ta samu abinci, sojojin jiki kuma hankalinsu ya tafi kan bairos, wato ƙwayar da ke kawo fulu. Annobar fulu ta 1918 ma yawancin waɗanda suka mutu nimoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su.

Shi feshin bairos ne mai rai amma an raunana shi, a sanyin hanci kawai yake iya hayayyafa, zafin huhu baya barinsa. Kinga tunda ɗan kwaikwayon fulu yake yi a hanci dole masana su tambaya ko shima yana taɓa bakteriyar, kuma an duba. An yi bincike a Biristol nan Ingila kan yara 'yan shekara 2 zuwa 4, an kuma yi a Gambiya a 2017 da 2018 kan yara 'yan wata 24 zuwa 59, inda kusan uku cikin huɗu dama suna ɗauke da ƙwayar tun kafin a fesa musu komai. Duka biyun an ga yawan ƙwayar ya ƙaru a hanci a makonnin da suka biyo bayan feshin. Amma fa yawan ƙwaya a hanci aka auna, ba yara aka gani suna kwanciya da nimoniya ba, kuma abin da yafi damun masu binciken shine ko hakan zai sa yaro ya fi yaɗa ta ga na kusa dashi. Ingila tun 2013 take fesa wa yara wannan rigakafin duk shekara.

A gefe guda kuma feshin yana gina garkuwa daidai inda bairos ke shigowa, wato a cikin hancin kansa, abinda allurar fulu bata cika yi sosai ba, yaron da bai kamu da fulu ba kuwa ya tsallake babbar hanyar da ke kai wa ga nimoniyar. Ni dai da ɗana ne zan kaishi.

Ki duba katinsa ki tabbatar ya kammala allurar numokokus ta jarirai, in a Najeriya aka haife shi ita ce PCV da ake yi a sati 6, 10 da 14. Ba a fesa wa ɗan ƙasa da shekara 2, haka mai asma mai tsanani ko wanda garkuwar jikinsa tayi rauni sosai, su allura ake musu. Sannan nasan wata zata tayar da maganar jelatin na alade dake cikin feshin, eh akwai shi, in hankalinki bai kwanta ba ki faɗa wa nas ɗin kai tsaye, akwai ta allura wadda babu shi a ciki. Ɗan yoyon hanci ko toshewa na kwana biyu uku bayan feshin ba komai bane, amma in kinga numfashinsa na sauri ko haƙarƙari na lotsawa kar ki jira gari ya waye.