Auwalu, ga amsar tambayarka kan heda da Makefile

Auwalu, na ga saƙonka. Ka ce manhajar C ɗin nan da ke haɗuwa lafiya lau a tsohuwar kwamfutar shago mai Ubuntu 18.04 ta ƙi haɗuwa a taka mai 22.04. Da farko ta ce ba ta ga `openssl/ssl.h` ba, sai ka kwafo babban fayil ɗin openssl (laburaren ɓoye bayanai) daga tsohuwar ka zuba cikin aikin. Yanzu kuma tana cewa `multiple definition`, alhali ka sa `#ifndef` a hedarka, wato fayil ɗinka na `.h`.

Kwafen nan da ka yi, maza ka goge shi. Tsohuwar kwamfutar OpenSSL 1.1 gare ta, taka kuma 3.0. Ka ɗauko allon kayan wani shago ka kafa a ƙofar wani. Ko da ta haɗu, wata rana za ta faɗi tana cikin aiki, ka rasa ta ina. Ubuntu na raba laburare da hedojinsa, hedojin suna cikin kunshin da sunansa ke ƙarewa da `-dev`. Ka sa `libssl-dev`, shi ke nan. Kada kuma ka rubuta hanyar fayil da hannu a Makefile (fayil ɗin da ke gaya wa make yadda za a haɗa manhajar), `pkg-config --cflags --libs openssl` zai ba ka abin da ya dace da kwamfutar da kake kai.

Matsala ta biyun ce ta fi bukatar nutsuwa. Wannan kuka ba na kompaila mai fassara fayilolin `.c` zuwa `.o` ba ne, na linka ne, wato mai ɗinke fayilolin `.o` wuri ɗaya bayan an gama fassara kowanne. Na duba hedar da ka turo, na ga `int adadi;` zaune a ciki. Heda wurin sanarwa ce, ta ce akwai kaya kaza, amma kayan kansa a sito ɗaya yake zama. Kai kuwa ka ajiye kayan a cikin sanarwar, don haka duk fayil ɗin `.c` da ya kira hedar sai ya samu nasa `adadi`. Shi `#ifndef` iyakarsa ya hana heda shiga fayil ɗaya sau biyu, bai san abin da ke faruwa a fayil na gaba ba.

Za ka ce to me ya sa da tana haɗuwa? Kompailan GCC 7 da ke kan tsohuwar yana kawar da kai, ya haɗe su duka su zama ɗaya. Daga GCC 10, wanda ya fito a 2020, aka daina wannan sassauci, kai kuma 11 gare ka. Kuskuren ya daɗe a wurin, yau ne aka kama shi. Wasu za su ce ka ƙara `-fcommon` ka huta. Zai yi aiki, amma ban yarda ka yi ba a aikin da ke hannunka, rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Ka mayar da na heda `extern int adadi;`, sannan ka rubuta `int adadi;` a fayil ɗin `.c` guda ɗaya tak.

Bayan gyaran ka yi `make clean` kafin ka sake haɗawa. Makefile ɗinmu bai san `.o` ya dogara da heda ba, saboda haka in ka taɓa heda kaɗai, make zai bar tsofaffin yadda suke. Ni ma na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ina gyara abin da na riga na gyara. Ka ƙara `-MMD -MP` a CFLAGS (zaɓuɓɓukan da ake ba kompaila), ka kuma sa `-include` na fayilolin `.d` da za su fito, su ne ke gaya wa make wane `.o` ya dogara da wace heda.

In ka ga `undefined reference` bayan haka, duba jeri: `-lssl -lcrypto` su zo bayan fayilolin `.o`. Gobe in ka shigo shago ka zo da kwamfutar, mu duba tare.